Baƙuwar Da Ke Madanni Na Bakwai

"Ni ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da ke bin ƙofofin mutane yana tsintar ƙara ba."

Baba bai ko ɗago kai daga keken ɗinki ba da ya faɗi haka. Allura biyu na maƙale a gefen bakinsa, ƙafarsa na ta aikinta, kai ka ce zancen zare ake yi, ba zancen rayuwar mutum ba.

Kanari na tsaye a bayan teburin guga. Tun tana ƙarama ake kiranta da wannan suna, don ko cokali ba ta iya wankewa ba tare da ta rera wani abu ba. Yau dai bakin ya mutu. Sau uku ke nan iyayen Injiniya na zuwa neman aurenta, sau uku Baba na tarbarsu da fara'a, ya raka su har bakin titi, ya dawo bai ce e ba.

"Baba, yana da sana'a," ta ce a hankali. "Gyaran rediyo yake yi, da talabijin. Kai ma ka sani."

"Na sani. Da a nan ya tsaya, da tuni an wuce wurin. Amma an ce mini ranar nan an gan shi a tashar mota ya durƙusa gaban famfo mai ɗiga, ya kafa masa makirufo, ya fi rabin awa. Famfo fa! Wannan ne zan nuna wa mutane in ce surukina?"

Gwaggo na zaune a kan benci tana ɗinke maɓallai. Yayar Baba ce, ita ta raini Kanari tun rasuwar mahaifiyarta tana 'yar shekara uku, don haka ba ta shakkar kowa a gidan. Ta ciji zare ta ce, "Shi dai yana sauraron famfo. Wani ko 'yarsa ba ya saurare."

"Yaya, ki bar ni da 'yata."

"'Yarka? Wa ya goya ta?"

Ana cikin haka ƙamshin turare ya shigo, sannan mai turaren ya biyo baya. Mai Kemis ne, ɗan aminin Baba, wanda shagon maganinsa ke kwanar layi. Shekara biyu ke nan yana kawo wa Baba man shafa gwiwa da ba wanda ya roƙe shi, har kwalaben sun cika saman kabad. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya gaida Gwaggo, ya saci kallon teburin guga.

"Baba, na ji ƙarshen maganar," ya ce da muryar mai neman zaman lafiya. "Ni a ganina bai kamata a yanke wa mutum hukunci ba a ga aikinsa ba. Ranar Asabar suna da wasa, ƙarfe huɗu, a tsohon siton nan na bayan layin dogo. Ni zan kai ka a motata, ka gani da idonka."

Kanari ta ɗago kai. Ta san adalcin Mai Kemis. Sau ɗaya ya taɓa zuwa wasansu, ya tsaya bakin ƙofa ya toshe baki da hankici yana dariya har hawaye. Ya san in Baba ya ga 'yarsa tsaye gaban baƙin fuskoki tana fitar da sauti marar ko kalma ɗaya, ita da akwati mai wayoyi, to magana ta ƙare.

Keken ya tsaya. Baba ya zare alluran daga bakinsa ya soke su a hannun riga.

"Zan je. Amma ki ji da kyau. In na gani na ce a'a, an rufe maganar. Ba kuka, ba aiko mini da kowa, ba ƙin cin abinci. Kin yarda?"

Ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta sunkuyar da kai kan maɓallinta.

"Na yarda, Baba."

Sai a lokacin ta ji ƙauri. Dutsen guga ya cinye hannun rigar mutane.

*

Ranar Juma'a da yamma ta je shagon Injiniya. Gaban shagon ba ya da wani abin kallo, matattun talabijin ne jibge har rufi, da rediyoyin da masu su suka manta da su. Bayan labule ne ainihin mutumin yake. Ɗan ɗaki ne marar taga, bango duk an manne shi da kwalin ƙwai don kada ƙara ta fita, ga lasifika biyu, ga makirufo a kan sanda, ga akwatin a tsakiya.

Da hannunsa ya haɗa akwatin, na katako ne, da madannai takwas a jere, kowanne da 'yar fitila kore a samansa. Kowane madanni sauti ɗaya yake riƙewa, in an danna ya yi ta maimaita shi. Akwai kuma wasu abubuwan murɗawa da yake ja da su ya miƙe sauti, ko ya nauyaya shi, ko ya sirantar da shi. Kanari ta rera a makirufo, shi ya cafke muryar nan take ya mayar mata, ta ɗora wata a kai, ya sake cafkewa, har ta zama mace huɗu ko biyar a wuri ɗaya. Shekara ɗaya da rabi suna wannan aiki, kuma a cikinsa soyayya ta kama su ba wanda ya shirya.

"Ba ki ci abinci ba," ya ce da ganinta.

"Kai fa? Dubi yatsanka."

Ya ɓoye hannun. Ƙarfen liƙa waya ne ya ƙone shi, shi da bai taɓa ƙonewa ba tun yana koyon aiki.

Ta zauna a kan kujerar roba, hawayen da ta riƙe kwana biyu suka zubo.

"Na yi kuskure da na yarda. Baba ko rediyo ba ya son a kunna a gida. Ka taɓa ganin tela marar rediyo? To shi ne. Me zai gane a abin da muke yi?"

"Zai gane ke."

"Kada ka yi mini daɗin baki yau, don Allah. In ya ce a'a, na riga na ba shi kalmata. Zan zauna a bayan teburin guga ina kallon Mai Kemis yana shigo da kwalba har ranar da za a ce mini an sa rana."

"Kanari, ki bar faɗin haka." Ya durƙusa nesa da ita kaɗan, idonsa ya yi ja. "Ni ba ni da mota. Ba ni da bakin magana irin nasa. In na tsaya gaban mahaifinki harshena ɗaurewa yake, sai in ji kamar ban taɓa gyara ko tocila ba. Abin da nake da shi ke nan," ya nuna akwatin, "sai ke."

Can ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Kunna mini Baƙuwa."

Baƙuwa ita ce ta madanni na bakwai. Injiniya yana da wani kwali da yake tara zaren kaset ɗin da rakodojin mutane suka tauna, irin wanda mai shi ke cewa a zubar. In ba aiki sai ya zauna ya warware su, ya liƙe da salatif, ya saurara. Yawanci ba komai a ciki. Amma tun kafin ya san Kanari ya tsinci wani guntu da bai kai tsawon hannu ba, mace ce ke rera wani abu bakinta a rufe, daƙiƙa tara kacal, da wani bugu a ƙarƙashinta. Ya kwashe ya sa a akwatin, ya ja saurinta ƙasa sosai har muryar ta yi nauyi, bugun ya koma kamar takun mutum a ɗakin da ke sama. Ba su san ko wace ce ba, shi ya sa suke ce mata Baƙuwa.

Ya danna. Fitilar ta kama.

Kullum haka ne, tsikar jikin Kanari sai ta tashi. Ba tsoro ba ne kai tsaye. Inda Baƙuwa ke tsayawa ta ja numfashi, nan ita ma numfashinta ke ƙarewa, kuma ba ta taɓa koyon hakan ba. Inda muryar ke ɗan karcewa in za ta hau sama, nan tata ke karcewa. Akwai ranar da Injiniya ya ci gaba da gyaɗa mata kai yana cewa ta yi kyau, alhali ta fi minti da yin shiru. Da ya ga bakinta a rufe sai da ya tashi ya ɗage labule don haske ya shigo.

Akwai kuma abin da ba ta taɓa gaya masa ba. A daƙiƙa ta tara sautin yankewa yake a tsakiyar gaɓa ya koma farko. Ita kuwa ta san abin da ke biye. Takan tsinci kanta tana guga tana ƙarasa shi a ƙasan maƙogwaro, har ƙarshe, kamar wani ya taɓa koya mata. Wannan ne ya sa ba ta son zama a ɗakin ita kaɗai in Baƙuwa na juyawa.

"Na yi wani tunani," Injiniya ya ce bayan ya kashe. "Manya ba sa son abu mai kwana-kwana. Gobe a ƙarshe zan cire mata duk abin da na sa mata, in mayar da ita saurinta na ainihi, yadda na tsince ta. Murya ce mai sanyi, ta mutanen da. In akwai abin da zai shiga zuciyar Baba, ita ce."

"To jiyar da ni yanzu in san abin da zan tarar."

Ya girgiza kai. "Kin san ƙa'idarmu. Ba ma gwada ƙarshe. Kin fi yin kyau in sauti ya zo miki ba shiri."

Gaskiya ya faɗa, don haka ba ta ja ba. Ta tashi za ta tafi, ta waiwaya daga bakin labule. Akwatin a kashe yake, amma sai da ta tsaya ta tabbatar.

*

Tsohon siton ya ɗauki mutum kamar arba'in, wasu a benci, wasu a tabarma. An toshe tagogin da kwalaye, rana na shigowa siriri ta ɓulolin kwano. A bakin ƙofa akwai kwando da kowa ke ajiye wayarsa, don ba a ɗaukar wasansu, wanda ya ji ya ji. Baba ya daɗe yana kallon kwandon kafin ya jefa 'yar wayarsa ciki.

A bencin gaba aka zaunar da shi, sanda tsakanin gwiwoyi, hannu biyu a kanta. Gwaggo na damansa. Mai Kemis na hagu, hankici a shirye.

Famfo ya fara ɗiga a cikin lasifika. Ɗis. Ɗis. Injiniya ya murɗa wani abu, ɗigon ya faɗaɗa, ya zama kamar ana jefa dutse a rijiya mai zurfi. Ƙofar ƙarfe ta yi ƙara daga nesa, aka ja ƙarar aka miƙe ta har ta daina kama da ƙofa.

Kanari ta rufe ido ta saki murya. Dogon sauti ɗaya, siriri. Ta yi shiru, sautin bai yi shiru ba, ya ci gaba da yawo a rufin siton. Ta ɗora na biyu a ƙarƙashinsa, ta ɗora na uku yana rawa. Wata mata a baya ta ja 'yarta jikinta. Mai Kemis ya kai hankici baki, ya dubi Baba don su haɗa ido, amma Baba 'yarsa yake kallo, fuskarsa ba ta ce komai ba.

Ta buɗe ido sau ɗaya ta gan shi haka, zuciyarta ta karye. Ta san wannan fuskar, ita yake yi in an kawo masa yadi marar kyau yana neman yadda zai gaya wa mai shi.

Sun fi rabin awa. Sannan Injiniya ya fara janye sautukan ɗaya bayan ɗaya. Famfo ya tafi. Muryoyinta suka riƙa ficewa har ba saura ko ɗaya. Siton ya yi tsit, ana jin tsuntsu na tafiya a kan kwano.

Ya danna na bakwai.

Abin da ya fara zuwa kunnen Kanari bugun ne. A saurinsa na ainihi ba taku ba ne. Keken ɗinki ne, na ƙafa, har da ɗan tsallen da yake yi in allura ta hau kan kauri. A cikin wannan ƙarar ta girma.

Sai muryar ta shigo. Yarinyar mace ce, ba za ta wuce shekarun Kanari ba, tana rerawa a hankali irin na wadda ta tabbata ba mai jin ta. Ta ja numfashi. Ta hau sama, ta ɗan karce. Ta yanke a tsakiyar gaɓa, ta koma farko.

Sanyi ya sauko wa Kanari tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba ta yi niyya ba. Da muryar ta sake zuwa inda take yankewa, bakinta ya karɓa da kansa, ya ɗauki waƙar ya wuce da ita, ya gangara, ya juya, ya sauke ta inda take sauka. A cikin lasifika ba ka iya cewa ga inda ɗaya ta tsaya ga inda ɗaya ta fara.

Sanda ta faɗi a kan siminti.

Baba na tsaye. Mutumin da sai an kama shi yake tashi daga benci, ya miƙe ba taimako, hannunsa ɗaya a gaba kamar mai laluben bango. Ya kira wani suna. Shekara goma sha tara ba a furta sunan nan a gidansu ba, Kanari a takardar haihuwarta kawai take ganinsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Gwaggo ta ce, ta dafe ƙirji.

Injiniya ya daskare, hannunsa a sama. Muryar kuwa ba ruwanta, ta yanke, ta koma farko, ta ja numfashi.

"Tsayar da abin nan!" Baba ya daka tsawa. "Na ce ka tsayar!"

*

Mutane suka watse ba hayaniya, kowa ya tsinci wayarsa ya fita yana waiwaye. Aka shiga da Baba ɗan ɗakin da ake tara bencuna a bayan siton. Injiniya ya shigo rungume da akwatin, don Baba ya ce a kawo. Mai Kemis ya sako ƙafa zai biyo su, Gwaggo ta tare ƙofar.

"Ɗan nan, ka jira a mota. Wannan ciwon ba na kemis ba ne."

Ta rufe.

Baba ya zauna. Ya dubi akwatin, ya dubi Injiniya.

"Ina ka samo ta?"

"Baba, wallahi ban sani ba ko wace ce. Guntun zaren kaset ne. An taɓa kawo mini wata rakoda ta tauna kaset, shekara biyu da wani abu. Wani direba ne ya kawo, ya ce aiko shi aka yi. Na ce masa kaset ɗin ya mutu, ya ce to a zubar."

"Rakodar ja ce? Hannunta a karye, an ɗaure da zare?"

Injiniya ya gyaɗa kai. "Baƙin zare."

Baba ya rufe fuska da tafin hannu. Kanari ba ta taɓa ganin kafaɗun mahaifinta na girgiza ba. Ta zube a gabansa.

"Baba, wace ce? Ka faɗa mini da bakinka."

"Mahaifiyarki ce."

Ta riga ta sani tun faɗuwar sandar, amma jin kalmar ya sa ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka mai sauti. Shekara ɗaya da rabi tana tsayawa kusa da muryar nan, tana jin tsoronta, tana ce mata Baƙuwa.

"Kunya gare ta," Baba ya ce, yana magana da bango. "Ko a gabana ba ta rera komai. Sai ta ga na fita, ta hau keke, ke kina goye a bayanta. Wata rana na dawo ɗaukar almakashi na ji ta daga waje. Washegari na ɓoye rakoda a ƙarƙashin yadi na danna na fita. Da na kunna mata, na zaci dariya za ta yi. Kuka ta yi. Ta ce na shiga mata inda ba a shiga. Ta ce in goge, in yi mata alkawarin ba kunnen da zai ji. Na ce na goge." Ya ja numfashi. "Ban goge ba. Wata biyar bayan nan ta rasu tana ganin na goge."

"Duk shekarun nan tana cikin gidanmu?" Kanari ta ɗago, fuska jage-jage. "Ina tambayarka yaya take, kana ce mini doguwa ce, fara ce. Muryarta na cikin kabad ɗinka ba ka taɓa jiyar da ni ba?"

"In jiyar da ke ƙaryata? Na yi ta cewa sai kin girma. Da kika girma na ce sai ranar aurenki. Ranar da rakodar ta cinye kaset ɗin ina kwance da gwiwa, na aika a gyara, aka dawo aka ce mini ya mutu. Na yi kwana uku ban taɓa keke ba. Daga baya na ce Allah ne ya cika mini alkawarin da na kasa cikawa." Ya juya ga Injiniya. "Ashe tana nan. Kana ja mata murya, kana murɗa ta, ƙarti arba'in na zaune suna saurare. Matar da ko mijinta ba ta yarda ya ji ba."

"Baba, ka yafe mini. Da na sani..."

"Ni na fara sata, ba kai ba. Zaren yana ina?"

"Ya rududduge bayan na kwashe. Tsoho ne ƙwarai."

"Ka ajiye ta a wani wuri? Waya, ko wani abu?"

"Babu. Ba na ajiye biyu. Nan kawai take." Ya nuna madannin.

"Yaya ake gogewa?"

"A danne shi a riƙe, har fitilar ta mutu."

Gwaggo ta matso. "Kai, ka bi a hankali. Ka bari a kwana a tashi."

"Na kwana na tashi shekara goma sha tara, Yaya." Ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta shago. "Yaro, saurare ni. Na zo nan da a'a a bakina, kai ma ka sani. Amma na ga aikinka. Ban gane shi ba, sai dai na ga 'yata a cikinsa yadda ban taɓa ganinta a bayan teburin guga ba. Ka goge muryar nan a gabana, in cika wa matata alkawari, na ba ka 'yata yau. Yayata shaida ce."

Kanari ta ji maganar ta shige ta kamar ruwan sanyi. Abin da ta yi shekara tana roƙo ne, ga shi an ajiye a gabanta. Amma sau ɗaya tak ta ji muryar nan yadda take, kuma a lokacin ba ta san uwarta take ji ba. Ba ta ce kada a goge ba. Sau ɗaya kawai take so, daƙiƙa tara, a rufe ƙofa, ita kaɗai, ta ji ta tana sane.

Ta buɗe baki. Kukan ya toshe mata maƙogwaro, iska kawai ta fito. Ta ɗaga hannu.

Injiniya bai gani ba. Baba yake kallo, idonsa cike da hawaye da tsoron kada tsohon ya sake shawara. Yatsansa mai ƙuna ya riga ya sauka a kan madannin.

Fitilar ta yi ƙifta ɗaya, ta yi biyu, ta mutu.

"Alhamdulillahi," Baba ya ce, ya jingina da bango kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. "Na ba ka. Ka turo iyayenka."

Injiniya ya zube ƙasa yana godiya, kalmomin na tuntuɓe da juna. Sannan ya juyo gare ta da fuska mai haske, fuskar da ta yi shekara tana fatan gani.

"Kanari, kin ji? An ba mu. Kin ji abin da Baba ya ce?"

Hannunta na nan a sama inda ta ɗaga shi. Gwaggo ce kaɗai ta gani, ta kauda kai tana share ido.

Kanari ta rarrafa zuwa akwatin. Ta danna na bakwai. Ba komai. Ta sake dannawa, ta kai kunne kusa da katakon, ta sake.

"Ba ta dawowa," ya ce a hankali, murmushin na zamewa daga fuskarsa. "In an goge, an goge. Ai kin sani. Kanari, don mu na yi."

"Sau ɗaya nake so in ji ta." Muryar ta fito yanzu, a dishe. "Sau ɗaya, in ce mata Mama."

"Ba ki ce ba..."

"Ba ka duba ba. A gaban mutum arba'in, in na ja numfashi kana sani, in zan yi shiru kana sani tun ban yi ba. Yau ina nan kusa da gwiwarka, uwata na ƙarƙashin yatsanka, ko juyowa ba ka yi ba."

Baba ya dube ta, ya dubi akwatin, kuma a karon farko alamar shakka ta bayyana a fuskarsa. "'Yar nan, ba abin da kike so ke nan ba?"

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ɗauko sandar Baba ta sa masa a hannu.

"Shi ne, Baba. Tashi mu tafi gida."

"Kanari," Injiniya ya kira, har yanzu yana durƙushe. "In turo su yaushe?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan sakata, ba ta waiwayo ba.

"Baba ya ba ka," ta ce. "Ni ba ka tambaye ni ba tukuna. Kuma in kana so na, kada ka tambaye ni yau."